Sharaɗin Kofi Ɗaya

Milutin bai ce a'a ba. Da ma a'a ɗin ya ce, da Nevena ta san abin da za ta kama kokawa da shi. Yana zaune a ƙarƙashin rumfar inabi yana wasa wuƙarsa ta dashe, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce Vidak, yaron da ke neman aurenta, ya zo ranar slava, bikin waliyyin gidan, ya karɓi kofi ɗaya na rakiya, giyarsu mai ƙarfi ta gargajiya, daga hannunsa, ya shanye a gaban jama'a kamar yadda duk mai neman aure ke yi a gidan nan tun zamanin kakanni. In ya yi haka, sai a zauna a yi magana.

"Kofi ɗaya tak, 'yata," in ji shi. "Namijin da kofi ɗaya zai kayar, ba zai iya ɗaukar gida ba."

Nevena ita ce autarsa, ta kusa shekara talatin, tana aiki a wani asibiti a garin Topola, tana koya wa waɗanda suka karye yadda za su sake taka ƙasa. Ba yarinya ba ce da za a ja da igiya, kuma uban ya sani. Abin da ya sa sharaɗin ya yi mata nauyi shi ne ta san uban ya san ko wane ne Vidak.

Duk yankin an san Vidak. A da shi ne mai busa ƙaho a bukukuwan aure, irin wanda in ba shi a biki, amarya sai ta ga kamar an rage mata wani abu. Ko'ina ya tsaya ya ja numfashi, sai wani ya cusa masa kofi a hannu. Ya sha, ya sha, har ƙahon ya gagari leɓensa, har wata safiya ya farka a gadon asibiti bai san wanda ya kai shi ba. Daga nan ya ajiye. Shekaru sun shuɗe ko ɗigo bai taɓa harshensa ba, ya koma gyaran taraktoci, ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Amma ga Milutin, mutumin da rakiyarsa ta 'ya'yan itacen da suke kira shiliwa ta yi suna har a garuruwan nesa, wanda ya ƙi karɓar kofi daga hannun maigida, ko dai mai girman kai ne ko mara lafiya. Kuma babu wanda zai ba 'yarsa a cikin biyun.

Ga kuma Slavko a gefe, shi ma yana neman ta, ɗan Obrad, aminin Milutin tun suna soja, wanda gonarsu ta tuffa ta yi iyaka da tasu. Slavko dogo ne, fari, mai dariya da ƙarfi, yana iya shanye kwalba ya tuƙa mota ya isa gida lafiya, abin da dattawa ke kira jarumta. Sau biyu Nevena tana gaya masa a fili cewa ba ta yi, sau biyu yana dariya yana cewa ai mata haka suke farawa. Mahaifiyarta Zorka kuwa duk lokacin da aka buga waya sai ta yi kuka, ta ce ita dai a tausaya mata, kada a raba gidaje biyu da suka yi shekara arba'in suna cin abinci a faranti ɗaya.

Nevena ta koma ɗan gidan da take haya a saman bene, ta tsaya a kicin tana kallon kantarta.

Wannan kanta ita ce duniyarta in ta taso daga aiki. Kwalabe ne jere, kowace da ruwan zaƙin da ta dafa da hannunta: na na'a-na'a, na citta, na rumman, na ɓawon lemo da kanumfari, na fararen furannin da take tsinkowa a bakin rafi in bazara ta shigo. Ga gwangwanin girgizawa, ga mataci, ga dogon cokali, ga kofunan gilashi dogaye da gajeru da ta riƙa tsinta a kasuwar tsofaffin kaya. Tun tana budurwa ta fara, da satar rakiyar babanta tana haɗa ta da ƙanƙara da lemun tsami. Ranar da ya kama ta, ya riƙe kai ya ce ta yi wa aikin shekara goma wanka da ruwan sanyi. Duk Asabar da yamma ƙawayenta sukan cika gidan, su zauna a ƙasa suna jiran su ga abin da za ta haɗa.

Da Vidak ya shigo rayuwarta sai ta rabar da duk kwalaben da ke da barasa. Ta zaci abin zai gundure ta, ashe nan ne aikin yake. Barasa tana rufa wa mai haɗi asiri, ko ya yi kuskure zafinta zai ɓoye. In babu ita kuwa, dole tsami da zaƙi da ɗaci da yaji kowanne ya tsaya a inda ya dace, in ba haka ba lemon yara ka yi. Ta ƙware har ƙawayen suka daina tambayar ina giyar take.

Goggo Radmila, ƙanwar babanta, ita ta kawo shawarar. Ta hawo benen tana haki tana zagin wanda ya gina shi, ta zauna ta ce ita ba ta ga abin kuka a nan ba. Ai Allah ya ba Nevena hannu. Ta haɗa wani abu mai launin rakiya, a zuba a ƙaramar kwalba, ita Radmila za ta tsaya kusa da ɗan'uwanta ranar, ta san yadda za ta musanya kofin. Ta ce ta yi shekara sittin tana yi wa Milutin wayo bai taɓa ganewa ba, ba a kan kofi ɗaya zai fara ba.

Nevena ta yi. Ta jiƙa busasshen shiliwa, ta tace ta sake tacewa har ruwan ya yi garau, ta ƙona sukari kaɗan don launi, ta sa citta da masoro don ya yi zafi a maƙogwaro. Da ta ɗaga kofin ta kalli haske ta cikinsa, ita kanta sai da ta yi murmushi. Ko Milutin, in dai daga nesa ne, zai rantse tasa ce.

Da yamma Vidak ya zo, hannunsa na ƙanshin sabulu da ɗan sauran man inji. Ta ajiye masa ƙaramin kofin a gabansa tana jiran yabo. Ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya sa yatsa ɗaya ya tura shi can nesa da shi.

"Nevena, ɗauke min wannan."

Ta ce masa babu ko ɗigon barasa a ciki, ta rantse. Ya ce ya sani, bai taɓa shakkar ta ba. Amma launin, da ƙaramin kofin, da yadda zai ɗaga kai ya juye shi lokaci guda, duk jikinsa bai manta da su ba. Abin da ya kwanta a cikinsa ba ya bambance gaskiya da kwaikwayo, ƙwanƙwasa ƙofa kawai yake jira.

"Kuma ko da zan iya," ya ce, "in na sha wannan a gaban babanki, na gaya wa gari cewa Vidak ya dawo. Ranar aurenmu mutum ɗari za su zo, kowa da kwalbarsa. Goggonki za ta iya musanya kofi ɗari?"

Hawaye suka zubo mata, na takaici da na kunya a haɗe. Ta ce ita ba ta san abin da yake so ta yi ba. Uwarta na kuka, ubanta ya kafe, Slavko na kai-kawo a gidansu kamar an riga an ba shi, ita kuma ta tsaya tsakiya kowa na ja. Ta nemo hanya guda ɗaya, shi ma ya toshe. Ta ce in ya gaji ne ya faɗa mata yanzu, kada ya bari sai ta tsaya a gaban dangi ya juya mata baya.

Vidak ya kama hannuwanta biyu. Shi ma idonsa ya kawo ruwa.

"Na rasa ƙahona, na rasa sunana, na kusa rasa raina. Ke kaɗai ce abin da na samu da idona biyu, ina cikin hankalina. Ba zan shiga gidanku ta taga ba. Zan zo ranar, zan gaishe shi, zan ce masa ba na sha. In ya kore ni, ya kore ni ina tsaye."

Ta zare hannunta, ta share fuska, ta ɗauki ƙaramin kofin ta juye a makwarara, ta bi shi da sauran kwalbar gaba ɗaya. Da ta juyo, muryarta ta dawo daidai. Ta ce to shi kenan, amma ba zai tsaya a gaban babanta hannu wofi kamar maroƙi ba. Za ta haɗa masa abin da babu wanda zai ɗauka rakiya ce ko da makaho ne, kuma ita da kanta za ta miƙa masa a gaban kowa.

Ranar slava, ranar da gidan Milutin ke karrama waliyyinsa, gari ya waye da rana mai daɗi. An jera tebura a tsakar gida, an kunna dogon kyandir, an yanka burodin bikin an sumbace shi, ɗan rago na juyawa a kan garwashi tun da sassafe. Ranar slava ba a tambayar baƙo wa ya kira shi, duk wanda ya shigo baƙon waliyyi ne. Nevena ta iso da babban tulun gilashi, ruwan ciki ja wur: rumman, citta mai yawa, lemun tsami, zuma da na'a-na'a. Ta ajiye shi a ɗakin sanyi na bayan gida, inda ake jibge kwalabe, inda samari ke shiga suna fita da akwatuna. Goggo Radmila ta leƙa ta ga jan ruwa, ta tafa hannu ta ce lallai 'yar Milutin ce, taurin kai gado ne.

Vidak ya zo da farar riga da kwalin alewa na uwar gida. Ya gaida kowa bi da bi. Zorka ta amsa ba ta dube shi ba. Slavko, wanda ke zaune kusa da ubansa a teburin manya, ya ɗaga murya ya tambaye shi ko ya zo da ƙahon, ko kuwa shi ma likita ya hana. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

Da aka zauna, Milutin ya miƙe, ya cika ƙaramin kofi da hannunsa, ya miƙa. Kowa ya zuba ido.

Vidak ya tashi tsaye. Ya ce ya san darajar abin da ke cikin kofin, ya san shekarun da aka yi ana renonsa, kuma babu mutumin da yake girmamawa a yankin nan sama da mai shi. "Amma ba na sha, Baba. Ba yau ba, ba gobe ba, ba ranar aurena ba. In ka yarda, zan yi wa gidanka fatan alheri da abin da 'yarka ta haɗa."

Kafin Milutin ya buɗe baki, Nevena ta iso. Ta ajiye dogayen kofuna biyu, ta zuba ƙanƙara, ta tsiyaya jan ruwan daga tulu, ta dasa reshen na'a-na'a a bakin kowanne. Ta miƙa wa Vidak ɗaya, ta riƙe ɗaya, ta tsaya a gefensa kafaɗa da kafaɗa, tana kallon babanta ido cikin ido. Zorka ta toshe baki da gefen mayafinta.

Milutin bai ɗaga nasa kofin ba, bai kuma hana ba. Vidak ya yi addu'ar lafiya ga gida da gona da zuri'a, ya kai kofin baki.

Kurɓa ɗaya ya yi. Sai fuskarsa ta canza, idonsa ya buɗe, ya juya da sauri ya fesar da abin da ke bakinsa. Jan ruwan ya ɓata farin zanen tebur, dab da burodin bikin.

Mata suka ja numfashi. Wani tsoho ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. Jijiyar wuyan Milutin ta miƙe, ya dafa tebur da hannu biyu. Slavko ya kwashe da dariya ya ce ashe ko ruwan 'yan mata ya fi ƙarfinsa.

Nevena ba ta firgita ba. Ta san abin da ta haɗa kamar yadda ta san tafin hannunta. Ta cire na'a-na'ar da ke tare hanci, ta shinshina nata kofin, ta ɗanɗana a kan harshe. A ƙarƙashin yajin citta akwai wani zafin da ba ita ta sa ba.

Ta ɗauki tulun gaba ɗaya ta zagaya ta ajiye a gaban babanta.

"Baba, kafin ka yi magana, shinshina wannan. Na bar shi a ɗakin sanyi babu barasa ko ɗigo. Hancinka ne alƙali, duk abin da ya ce na yarda."

Milutin ya harare ta, amma ya sunkuya. Ya shaƙa sau ɗaya, ya ɗago, ya sake shaƙa. Ya tsoma yatsa ya taɓa a harshe. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a bakin tukunyar rakiya, yana iya gaya maka gonar da aka tsinko 'ya'yan da hannun da ya hura wutar. Jama'a na kallo fushin da ke fuskarsa ya sauya alƙibla a hankali.

Ya ce akwai rakiya a ciki, kuma ba kaɗan ba. Ya ce ba tasa ba ce, domin tasa ta shiliwa ce, wannan kuwa ta tuffa ce, da ɗan ƙaurin tukunyar da aka bari wuta ta yi mata yawa. Bai ambaci suna ba. Ba sai ya ambata ba, gida ɗaya ne a ƙauyen ke yin ta tuffa. Idanu suka koma kan Slavko, da 'yar kwalbar ƙarfen da ta turo aljihun kwat ɗinsa.

Slavko ya fara da musu, ya koma dariya, ya ce wasa ne, taimakon mutumin ma ya yi, ai da ya haɗiye da ya cika sharaɗin ba tare da ya sani ba. Obrad ya sa baki ya ce yara ne, kada a mai da ƙuda giwa a ranar waliyyi.

"Ranar waliyyi," in ji Milutin, a hankali. "A ranar waliyyina, a cikin gidana, ɗanka ya sa wa baƙona abin da ya san guba ce a gare shi. Ni na miƙa masa kofi a fili, ya ƙi a fili. Wannan tsakanin maza ne. Abin da ɗanka ya yi ban san sunansa ba."

Obrad ya miƙe, fuskarsa ja, ya ce in dai a kan tsohon mashayi za a ci mutuncinsa, to shekara arba'in ta tashi a banza. Ya ɗauki hularsa, matarsa ta bi shi, Slavko ya bi bayansu yana ƙunƙuni. Zorka ta raka su har ƙofa tana kuka tana roƙo, babu wanda ya waiwayo.

A cikin hayaniyar ne Nevena ta lura Vidak ba ya wurin. Ta same shi a bayan gida, bakin famfo, yana kurkure baki yana zubarwa, yana sake kurkurewa. Hannuwansa na rawa har ruwan na tsiyaya ta tsakanin yatsunsa, goshinsa ya jiƙe da zufa. Ya ce mata bai haɗiye ba. Ya sake faɗa. Ya ce amma jikinsa gaba ɗaya ihu yake yi masa ya koma ya ɗauki kofin, kada ta bar shi shi kaɗai na ɗan lokaci.

Ta riƙe shi ƙam. Ta ce ba inda za ta, ko gidan zai kama da wuta.

Ba su ji zuwan Milutin ba. Yana tsaye a kusurwar bango, ya daɗe yana kallon hannuwan da ke rawa, hannuwan ƙaton namiji da ke ɗaga injin tarakta. Duk rayuwarsa ya ɗauka mai ƙin sha ko dai fankama yake ko ragwanci. Bai taɓa ganin mutum yana kokawa da kurɓar da ko haɗiye ta bai yi ba.

Ya ciro tsumman aljihunsa ya miƙa wa Vidak.

"Goge fuskarka, ɗana. Ban ce na ba ka ita ba. Wannan sai manyanka sun zo, kuma sai na shawo kan uwarta, wadda yau na raba ta da ƙawarta. Amma abinci na hucewa, kuma ba a barin teburina da yunwa."

Suka koma tare. Goggo Radmila ta riga ta yaye ɓataccen zanen ta shimfiɗa sabo, ta kuma zubar da tulun. Milutin ya ja kujerar da Obrad ya bari, wadda ke hannun damansa, ya nuna wa Vidak. Zorka na can ƙarshen tebur idonta jajir, ta ƙi kallon kowa, Nevena ta san akwai sauran aiki a nan, aikin da ba na rana ɗaya ba ne. Ta sumbaci uwar a ka, ta wuce kicin ta nemo lemun tsami da zuma da sauran cittar gidan, ta soma matsewa.

Tana fitowa da sabon kofi a hannu, wani ɗan'uwansu da bai san hawa ba bai san sauka ba, domin yanzu ya iso daga birni, yana zagayawa da kwalba yana cika wa kowa. Ya zo kan Vidak ya karkata bakin kwalbar.

Milutin ya ɗora faffaɗan tafinsa ya rufe ƙaramin kofin da ke gaban Vidak.

"Wannan ba ya sha," ya ce. "Wuce gaba."